Kantin Taro da Sisi: Wa Ya Biya Kuɗin Arahar Woolworth?

A bakin tashar da nake shiga mota kowace safiya akwai wani mai baro da ya jera kofunan roba da cokula da mataji da soson wanka da ƙananan madubai, ya ɗaura wata 'yar lasifika a hannun baron tana maimaita magana ɗaya tun hantsi har la'asar: kowanne naira ɗari biyar. Lokacin da na fara ganinsa, shekaru da dama da suka wuce, kowanne naira hamsin lasifikar take cewa. Ba a tayi a wurinsa, ba a jin "albarka" ko "ƙara dai", kuma na lura cewa matan da ke jin nauyin tsayawa a gaban manyan shaguna sukan tsaya a wurinsa hankali kwance, su ɗauki kofi su juya shi, su ajiye, su ɗauki wani, domin sun riga sun san cewa abin da ke ƙulle a bakin zanensu zai isa. Wannan mutumin bai taɓa jin sunan Frank Winfield Woolworth ba, amma sana'ar da yake yi ita ce wadda Woolworth ya mayar da ita daula a Amurka da Ingila, daular da ta yi fiye da shekara ɗari tana ci kafin ta rushe.

Har yau Turawa na kewar kantunan Woolworth kamar yadda ake kewar dattijon unguwa da ya rasu. Ni a ganina kamfanin ya bar gado ɗaya mai daraja ƙwarai, wato rubuta farashi ɗaya ga kowa, amma masu kewar suna yawan mantawa da mutanen da aka tatsa kafin wannan araha ta samu, kuma suna ɗora laifin mutuwarsa a kan zamani alhali dabararsa ce ta juyo ta cinye shi.

An haifi Woolworth a shekarar 1852 a gidan manoma a arewacin jihar New York. Ya ƙi noma, ya nemi aiki a wani kantin yadi da kayan masarufi a garin Watertown, inda ya yi wata uku yana aiki ba a biyansa ko kwabo, kafin a yanka masa dala uku da rabi a mako. A wannan kantin ne aka sa shi ya jera tarkacen da suka yi kwantai a kan tebur guda, aka rubuta cewa kowanne santi biyar ne (santi ɗari ne dala ɗaya), sai ga mutane suna wawaso. Ya karɓi kaya bashi daga maigidansa ya buɗe nasa kantin a Utica a watan Fabrairun 1879, kantin da bai yi wata huɗu ba ya durƙushe. A watan Yunin wannan shekarar ya sake gwadawa a Lancaster ta jihar Pennsylvania, a nan kuwa kasuwa ta karɓe shi, kuma ba da jimawa ba ya ƙara kayan santi goma a kan na santi biyar. Daga nan ne Amurkawa suka samu sunan da suke kiran irin waɗannan kantuna, wato kantin biyar da goma.

Sai mutum ya san yadda sayayya take a wancan zamanin kafin ya gane girman abin da ya faru. A yawancin kantuna kaya suna bayan kanta ne, mai saye ba ya taɓa su sai an miƙo masa, kuma yaron kanti yakan dubi takalmin mutum da rigarsa kafin ya faɗi kuɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Na tuna ranar da mahaifiyata ta aike ni sayen kwanon sha da salla, ina sanye da sabuwar shadda, mai kayan ya faɗa mini kuɗin da ya kusa ninka wanda ya faɗa wa yarinyar da ta zo bayana da tsohon hijabi, ina tsaye ina ji. Da na koma gida aka yi mini faɗa don ban iya ciniki ba, kuma an yi gaskiya, ban iya ba. To amma tun daga ranar nake tambayar kaina dalilin da zai sa farashin kwano ya dogara da kaifin bakin mai saye ko kyan tufarsa. Ciniki yana da daɗinsa, yana ƙulla sabo tsakanin mai kaya da abokin cinikinsa, har ya kai ga gyara da bashi da gaisuwar iyali, amma wanda yake cin ribarsa shi ne gwani, wanda yake asara kuwa shi ne yaro da baƙo da mai kunya.

Ba Woolworth ne ya fara rubuta farashi a jikin kaya ba, domin manyan 'yan kasuwa irin su John Wanamaker na Philadelphia sun riga shi. Abin da ya yi shi ne ya sauko da wannan al'ada zuwa ga mai ƙaramin ƙarfi, ya baje kaya a fili inda kowa zai ɗauka ya duba, ya kuma bar mutum ya shiga ya zagaya ya fita ba tare da ya sayi komai ba, ba wanda zai harare shi. Baƙin haure da suka cika biranen Amurka a ƙarshen ƙarni na goma sha tara, waɗanda da yawansu ba su jin Turanci, suna iya sayayya a nan ba tare da sun buɗe baki ba. Wannan mutunci ne da aka ba talaka, kuma ban ga dalilin raina shi ba don kawai abin da aka saya zare ne da allura da kwanon tasa.

Yadda ya iya riƙe farashin a ƙasa shi ma ba sihiri ba ne. Ya tsallake dillalai ya tafi kai tsaye wurin masu masana'antu, ya sayi kaya masu ɗimbin yawa, ya biya kuɗi hannu, ya kuma matsa musu lamba har sai sun ƙera abin da zai shiga cikin santi goma da riba. Daga 1890 ya fara zuwa Turai da kansa neman kaya, kuma kayan adon gilashi na bikin Kirsimeti da ya riƙa kwasowa daga Jamus sun kawo masa dukiya mai yawa. A ranar 5 ga Nuwamban 1909 ya buɗe reshensa na farko a Ingila, a titin Church da ke Liverpool, inda ba abin da ya wuce sisi. Dattawanmu da suka yi zamani da kuɗin Ingila za su gane wannan nan take, domin kantin taro da sisi ne a zahiri. A 1912 ya haɗe kantunansa da na ɗan'uwansa Charles da na wasu abokan sana'a, aka samu kamfani ɗaya mai kantuna 596. Shekara guda bayan haka aka buɗe dogon benen Woolworth a birnin New York, mai tsawon mita 241, wanda ya ci dala miliyan 13.5 da aka biya ba tare da cin bashin banki ba, ya kuma riƙe kambin gini mafi tsawo a duniya har zuwa 1930. Shugaba Woodrow Wilson ne ya danna maɓalli daga Washington fitilun ginin suka kama. Da santi biyar-biyar da goma-goma na matan aure da leburori aka gina shi.

A nan ne labarin da ake bayarwa a bukukuwan tunawa yakan tsaya, a nan ne kuma nawa ƙorafin ya fara. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuma zan ƙara da cewa araha ba ta faɗowa daga sama, dole akwai wanda ya ɗauki nauyinta. A wata wasiƙa da Woolworth ya aika wa manajojinsa a 1892 ya faɗa musu ƙarara cewa ba za a iya sayar da kaya masu araha ba sai da ma'aikata masu araha, kuma idan yarinyar kanti ta ƙware har za ta iya samun albashi mafi tsoka a wani wuri, a bar ta ta tafi. Tsarin da ya sa kaya suke sayar da kansu shi ne ya sa ba a bukatar gwanin ciniki a bayan kanta, saboda haka aka cika kantunan da 'yan mata matasa waɗanda aikinsu naɗe kaya da ba da canji, ana biyansu abin da ba zai riƙe gida ba, bisa hujjar cewa ai a gaban iyayensu suke. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. A daidai lokacin da Amurka ke cikin matsanancin karayar tattalin arziki a farkon shekarun 1930, jikarsa Barbara Hutton ta gaji dukiyar da ta sa jaridu suka riƙa bin ta duk inda ta sa ƙafa, yayin da 'yan matan da ke tsaye a kantunan kakanta tun safe har dare suke lissafin kuɗin mota.

Ba su yi shiru har abada ba. Ranar Asabar 27 ga Fabrairun 1937, mata fiye da ɗari da ke aiki a babban kantin Woolworth na Detroit suka daina aiki ana tsakiyar ciniki, suka ƙi fita daga kantin, suka shimfiɗa katifu a tsakanin teburan kaya suka kwana a ciki har kusan mako guda. Kamfanin ya sauko ya ƙara musu albashi ya kuma amince da ƙungiyarsu. Abin lura shi ne kamfanin bai karye ba saboda wannan ƙarin, ya ci gaba da bunƙasa har shekaru talatin bayan haka, wanda ke nuna cewa tun farko akwai sararin da za a biya su fiye da haka, ba a dai so ba ne.

Akwai kuma ƙananan 'yan kasuwa na garuruwa, waɗanda ba su da ƙarfin sayen kaya jirgi guda. Duk garin da jan allon Woolworth mai rubutun ruwan zinare ya bayyana a babban titinsa, masu shagunan gado sukan fara ƙirga kwanakinsu. Sun yi ta kai kuka har wasu jihohi suka sa wa kamfanoni masu rassa da yawa haraji na musamman, majalisar dokokin ƙasar kuma ta yi dokar Robinson da Patman a 1936 domin hana masana'antu fifita manyan masu saye da rangwamen da ƙanana ba za su samu ba. Ba na cikin masu cewa kowane ƙaramin shago waliyyi ne, domin wasunsu tsawwala wa mutane suke yi saboda babu wani shagon a kusa. Sai dai mai shagon unguwa yakan ba da bashi idan wata ya yi nisa, yakan kuma halarci jana'iza, ribarsa tana zagayawa a cikin garin, ita kuwa ribar reshe New York take tafiya.

Babban abin da ya tona asirin iyakar wannan daidaito ya faru ne a Greensboro ta jihar Carolina ta Arewa. Kantunan Woolworth sun shahara da dogon teburin cin abinci mai jerin kujeru, inda ake sayar da gahawa da abinci mai sauƙin kuɗi. A kudancin Amurka baƙar fata yana da damar shiga kantin ya sayi duk abin da yake so, a karɓi kuɗinsa da murmushi, amma ba shi da damar zama a kan waɗannan kujeru. Da yammacin 1 ga Fabrairun 1960, ɗalibai huɗu baƙar fata daga kwalejin noma da fasaha ta jihar, wato Ezell Blair ƙarami da David Richmond da Franklin McCain da Joseph McNeil, suka shiga kantin suka sayi man goge baki da wasu ƙananan kaya, suka riƙe rasitinsu a hannu, sannan suka je suka zauna a teburin suka nemi gahawa. Aka ce ba a sayar wa irinsu a nan. Suka nuna rasitin, suna tambayar yadda aka yi kuɗinsu ya karɓu taku kaɗan daga wurin amma bai karɓu a nan ba, suka kuma ci gaba da zama har aka tashi kanti. Washegari suka dawo da ƙarin ɗalibai, kafin mako ya ƙare sun kai ɗaruruwa, kuma cikin 'yan makonni irin wannan zaman dirshan ya bazu a biranen kudu da dama.

Wannan rasitin shi ne hujja mafi ƙarfi da na sani a kan kamfanin, domin da makaminsa aka yaƙe shi. Kamfanin ne ya koya wa Amurkawa cewa santi goma na kowa ɗaya ne, su kuma ɗaliban suka tambaye shi dalilin da ya sa wannan ƙa'ida ta tsaya a bakin teburin abinci. Amsar da hedikwatar kamfanin ta bayar ita ce tana bin al'adar kowane gari. Sai da ƙaurace wa kantin ya jawo asarar ciniki mai yawa sannan aka fara ba baƙar fata abinci a teburin, ranar 25 ga Yulin 1960, kuma waɗanda aka fara zaunarwa ma'aikatan kantin ne baƙar fata. Yau wannan ginin gidan tarihi ne na gwagwarmayar 'yancin ɗan Adam, an buɗe shi a 2010, wani yanki na teburin kuma yana gidan tarihin Smithsonian a Washington. Idan aka ce sunan Woolworth ya shiga tarihin 'yanci, gaskiya ne, amma ya shiga ne a matsayin wanda aka tilasta wa, kuma bai kamata kewa ta sa a juya labarin ba.

Rushewar kamfanin ta fara ne tun yana ganiyarsa. Alkawarin farashi ɗaya yana da abokin gaba da ba a iya kayar da shi, wato hauhawar farashi, kamar yadda lasifikar mai baron nan ta shaida. Woolworth ya rasu a 1919, magadansa suka ƙara kayan santi ashirin a 1932, suka cire iyakar gaba ɗaya a 1935. Daga ranar kantin ya zama wurin da ake sayar da komai da komai amma ba a san shi da wani abu guda ba. Bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka sayi motoci suka koma unguwannin bayan gari, kantunan Woolworth kuwa suna tsakiyar birni inda babu wurin ajiye mota. A shekara ɗaya tak, 1962, aka buɗe Kmart da Target da Walmart, shi ma Woolworth ya buɗe nasa manyan kantunan mai suna Woolco, waɗanda ya rufe a Amurka bayan shekara ashirin. Sam Walton, wanda ya kafa Walmart, da ƙaramin kantin biyar da goma ya fara a jihar Arkansas, kuma duk abin da ya yi daga baya karatun Woolworth ne ya haddace ya zarce malaminsa: saye da yawa, matse masana'anta, rage kuɗin ma'aikata. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A watan Yulin 1997 kamfanin ya sanar da rufe kantuna kusan 400 da suka rage masa a Amurka. Bai mutu ba, ya dai sauya riga, domin tun 1963 ya sayi kamfanin takalma na Kinney, wanda daga cikinsa aka haifi Foot Locker a 1974, kuma a 2001 uwar kamfanin ta ɗauki wannan sunan baki ɗaya. Wato daular da aka gina a kan cewa ba abin da ya wuce santi goma ta ƙare tana sayar wa matasa takalman wasanni masu tsada. Reshen Ingila, wanda aka sayar tun 1982, ya ƙara jan numfashi har rikicin kuɗi na 2008 ya same shi da bashi a wuya, aka rufe kantuna fiye da 800 tsakanin ƙarshen Disamba da farkon Janairun 2009, mutane kusan dubu 27 suka rasa aiki. Jama'a sun yi dogayen layuka a kwanakin ƙarshe suna sayen ragowar kaya, har da katakon da ake jera kayan a kai, suna ba 'yan jarida labarin alewar da suke tsinta su cika leda da ita suna yara. Ban ƙaryata hawayensu ba, amma da sun riƙa shiga kantin a shekaru goman da suka gabata kamar yadda suka shiga a makon rufewa, da ba a rufe ba. Sun riga sun koma manyan kantunan abinci da intanet, inda kayan suka fi araha, wato sun yi abin da Woolworth ɗin ya koya wa kakanninsu.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a ce an yi rashin Woolworth. Ginin da allon ne suka tafi, dabarar tana nan da ƙarfinta fiye da da, a kantunan dala na Amurka da kantunan fam na Ingila da manhajojin da ke aiko da tarkace daga Sin har ƙofar gida. Abin da ya sauya shi ne nisan da ke tsakanin mai saye da wanda aka tatsa. A 1937 mai sayayya a Detroit yana iya leƙawa ta tagar kanti ya ga matan da suka ƙi fita, ya san fuskokinsu, wataƙila ma 'yar maƙwabcinsa tana ciki. Yau wadda ta haɗa kofin roban tana wata nahiya, ba za mu taɓa ganinta ba, balle mu san ko an biya ta. Ba ina cewa talaka ya daina sayen abu mai araha ba ne, domin mai naira ɗari biyar ba shi da zaɓin da ya wuce baron nan, kuma wanda ya ƙoshi ne kaɗai yake iya yi wa mai yunwa wa'azin inganci. Abin da nake so mu ɗauka shi ne rubutaccen farashi, a kasuwa da kantin magani da tashar mota, yadda yaro da baƙo za su biya abin da gwani ya biya. Abin da ba na so mu ɗauka shi ne wasiƙar 1892, wadda na san ana aiki da ita a manyan shagunan biranenmu ko da ba a taɓa karanta ta ba, inda yarinya za ta wuni a tsaye a kan albashin da ba zai kai ta ƙarshen wata ba, idan kuma kaya ya fashe a cire daga ciki.

Magadan ma ba su tsira daga ciwon da ya kama uban gidansu ba, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kamfanin Dollar Tree na Amurka, wanda ya shafe shekaru fiye da talatin yana sayar da komai a kan dala ɗaya, ya ɗaga farashinsa zuwa dala ɗaya da santi 25 daga ƙarshen 2021. A Ingila kuwa Poundland, wanda aka kafa a 1990 a kan alkawarin kowane kaya fam ɗaya, yana cikin waɗanda suka shige gine-ginen da Woolworth ya bari a 2009, daga baya shi ma ya fara sayar da kaya a farashi daban-daban, ciniki ya ja baya, kuma a watan Yunin 2025 masu shi suka sayar da kamfanin gaba ɗayansa, da kantunansa fiye da 800, a kan fam ɗaya.